Kanumfari da Man da ke Cikinsa: Fa'idarsa da Haddinsa a Maganin Ciwon Haƙori

Maƙalar da aka gabatar a gaban malamai da ma'aikatan lafiya a Kanya Babba, ƙasar Ɓaɓura

    

Abin da na zo da shi gabanku yau ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, har ina jin babu ɗayanku da zai rasa shi a gidansa, ko dai a cikin gwangwanin kayan yaji, ko a ƙulle a bakin zanen tsohuwa, watau kanumfari. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, a cikin dukan abubuwan da mutanenmu ke cusawa a kogon haƙori idan ciwo ya hana su barci, tun daga kanwa da garin taba har zuwa ababan da ban so in ambata sai can gaba, kanumfari ne likitocin zamani suka auna, suka tabbatar da fa'idarsa, har suka shigar da mansa cikin kayan aikinsu. Amma duk da wannan daraja tasa, na ga ya zama sanadin cuta ga waɗanda suka san amfaninsa ba su san haddinsa ba. Maƙasudina ke nan a wannan maƙala: in bayyana abin da ke cikinsa, da yadda yake kashe zafi, da wurin da ikonsa ya tsaya.

Asalinsa da hanyar da ya biyo

Kanumfari ba ya tsirowa a ƙasar Hausa, kuma sunansa ma kaɗai ya isa shaida a kan hanyar da ya biyo ya iso mu, domin daga kalmar Larabci ta ƙaranful aka samo shi, kamar yadda muka sami kirfa da za'afaran da albasa daga bakin fataken da ke ƙetaro Sahara. Asalinsa wasu 'yan tsibirai ne a gabashin ƙasar Indunisiya ta yau, waɗanda ake kira Maluku, musamman Ternate da Tidore. Abin da muke saye a tebur ɗin mai kayan yaji furen itacen ne wanda bai kai ga buɗewa ba, ake tsinke shi da hannu a shanya a rana har ya yi duhu ya ƙeƙashe, ya zama kamar ɗan ƙaramin ƙusa. An ruwaito cewa tun a zamanin daular Han ta ƙasar Sin, shekara wajen dubu biyu da suka shige, fadawa kan tauna shi kafin su yi magana a gaban sarki, domin bakinsu ya yi ƙamshi.

Tarihin cinikinsa cike yake da zalunci, kuma ya kamata mai cin fura ya san haka. Kamfanin Turawan Holan da aka kafa a 1602 ya so ya mallake cinikin shi kaɗai, sai ya sa aka sassare itatuwan a sauran tsibirai, aka tsare nomansa a Ambon da kewayenta, aka zubar da jinin mutane masu yawa a kan haka. Har sai a 1770 wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka sato dashensa aka kai tsibirin Morishas. Daga wannan yanki ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19, inda Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya faɗaɗa gonakinsa da ƙarfin bayi. Bayan guguwar 1872 ta kakkarya itatuwan Zanzibar kuwa sai tsibirin Pemba ya karɓi gaba. A yau Indunisiya ce ta fi kowa nomansa, ko da yake mafi yawansa a can take ƙona shi cikin taba, Madagaska kuma tana cikin manyan masu fitar da shi. Daga waɗannan wurare masu nisa yake zuwa Kano, ya sauka a kasuwanni irin su Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sa'an nan 'yan koli su rarraba shi a kasuwannin ƙauye, ya shiga furarmu da kununmu da shayinmu, da yajin mai jego, da humrar amare.

Abin da ke cikinsa da yadda yake aiki

Idan aka turara kanumfari da tururin ruwa aka tace, akan sami mai wanda nauyinsa ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin busasshen furen. A cikin wannan mai kuma, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari wani sinadari ne guda ɗaya wanda masana suka sa wa suna yujinol, daga tsohon sunan itacen a harshen Latin, watau Eugenia. Shi ne mai ƙamshin nan da kowa ya sani, shi ne mai yajin da ke cizon harshe, shi ne kuma mai sage wurin da ya taɓa. Ana samunsa a ganyen kirfa da wasu nau'o'in ɗoɗɗoya, amma ba da yawan da yake a kanumfari ba.

Domin a fahimci aikinsa, wajibi ne mu fara sanin yadda zafi yake isa ga mutum. Haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, wanda ya fi kowane ƙashi na jiki ƙarfi; a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, cike da ƙananan hanyoyi waɗanda ido ba ya gani; a can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jini da jijiya suke. Abin da kakanninmu suka kira tsutsar haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai zaizaye ɓawon sannu a hankali, har rami ya kai ga ɓargo. Sa'ad da haka ta faru, jijiya takan aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wannan saƙo yana tafiya ne ta hanyar wasu 'yan ƙofofi da ke jikin jijiyar, masu buɗewa ɗaya bayan ɗaya domin gishirin sodiyam ya kwarara ciki, kamar yadda manomin rani yake buɗe bakin kwali bayan kwali har ruwa ya kai ƙarshen gona. To, yujinol yana hana waɗannan ƙofofi buɗewa, saƙon ya tsaya a hanya, mutum ya ji wurin ya yi nauyi ya mutu, alhali ramin yana nan yadda yake.

Akwai kuma wata ƙofa dabam wadda yake taɓawa, ita ce wadda ke jin zafin wuta da yajin barkono, wadda David Julius da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1997, har aka ba shi lambar Nobel a 2021. Yujinol yakan fara tsokanar wannan ƙofa ne, sa'an nan ya gajiyar da ita. Shi ya sa duk wanda ya taɓa danna kanumfari a haƙori ya san da fari raɗaɗi yake ji, sai bayan 'yan mintoci sauƙi ya sauko. Ban da waɗannan biyu, yana rage wasu sinadarai da jiki ke fitarwa a wurin kumburi, yana kuma kashe wasu ƙwayoyin cuta idan ya same su a fili. Haɗuwar waɗannan siffofi a abu guda ita ta sa likitocin haƙori, tun daga ƙarshen ƙarni na 19, suke kwaɓa shi da wani farin gari na ƙarfen zinki su toshe rami da shi na wucin gadi, suke kuma sa shi a gurbin haƙorin da aka cire idan gurbin ya bushe yana zogi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin likitan haƙori a Kano ya ji wani ƙamshi kamar na yajin jego, to, ga asalinsa.

An gwada shi ma da awo. A 2006 wasu likitoci a Jami'ar Kuwait suka shafa wa mutum 73 kwaɓin kanumfari, da man kashe zafi na asibiti mai suna benzoken, da wani kwaɓi wanda babu magani a cikinsa, sa'an nan suka soka musu allura a dasashi. Sai suka tarar kanumfari da benzoken duka sun rage zafin allurar, kuma babu wani bambanci mai yawa a tsakaninsu, sai dai 'yan kaɗan daga cikin mutanen sun sami ɗan gyambo a inda kanumfarin ya zauna. Wannan gyambo ku riƙe shi a zuciya, domin zan komo kansa.

Kada kuma wani ya yi mamakin a ce tsiro yana kashe zafi, tun da allurar kashe wuri da ake yi a asibiti ita ma daga tsiro ta samo asali. A 1860 Albert Niemann ya tace sinadarin koken daga ganyen koka na Kudancin Amurka, a 1884 kuma Carl Koller ya ɗiga shi a ido a birnin Biyana aka yi aiki majiyyaci yana farke bai ji zafi ba. Da aka ga sharrinsa na jan mutum ga shaye-shaye, sai masana suka yi ta neman madadinsa, har Alfred Einhorn ya fito da proken a 1905, Nils Löfgren kuma ya haɗa lidoken a ƙasar Suwidin a 1943, wanda shi ne ake yi wa mutanenmu allurarsa har gobe idan za a ɗinke rauni ko a cire haƙori. Yujinol bai kai waɗannan ƙarfi ba, ba a kuma yin allurarsa, domin yana ƙona nama. Fifikonsa ɗaya ne, yana nan a kowace kasuwa a kan kuɗi kaɗan.

Mas'aloli biyu na fiƙihu

Tun da akwai malaman fiƙihu a zaune, bari in taɓa tambayar da wani ɗalibi ya taɓa yi mini, cewa shin abin da ke kashe jiki bai shiga hukuncin kayan maye ba? Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya rarrabe a cikin littafinsa na Furuƙ tsakanin abu uku: muskiri, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, da mufsidi, mai dagula hankali ba tare da nishaɗi ba, da murƙidi, mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Dukansu a kan hankali suke aiki. Kanumfarin da aka danna a haƙori kuwa bai taɓa hankali ba ko kaɗan, wurin da ya sauka kawai yake sagewa, saboda haka a fahimtata bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Mas'ala ta biyu ita ce ta mai azumi. Abin da muka karanta a Muhtasar na Shehu Halilu shi ne, maganin ruɓewar haƙori da rana makaruhi ne sai in ana tsoron cutuwa. Kanumfari kuma yana tara yawu mai ɗanɗano wanda ke da wuyar tsarewa daga maƙogwaro. Na bar wa malamai su yi tafsili, Allah ya gafarta muku, domin fagenku ne. Abin da zan ƙara kawai shi ne, neman magani da rubuta shi gadonmu ne, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa risaloli a kan ilmin ɗibbu, har da wadda ya keɓe ga ciwon basur.

Ɗan'uwansa na gida

Akwai wani itace na Afirka ta Yamma mai irin wannan aiki, wanda ake samun ɓawonsa da saiwarsa a wurin masu kayan yaji, shi ne fasaƙwari. J. M. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen tsirran Hausa ya buga a 1916, ya san shi. Wanda ya yi aswaki da saiwarsa zai ji baki yana tsuttsunkula, yawu yana zuba, harshe ya yi nauyi. A 1963 masana biyu, Bowden da Ross, suka ware sinadarin da ke jawo haka daga saiwar, sai ga shi irin wanda ke cikin aƙarƙarha ne, saiwar da likitocin Larabawa na da suke ba mai ciwon haƙori. A farkon shekarun 1970 Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife ya lura cewa ruwan saiwar yana taɓa ƙwayoyin jinin masu sikila, wannan kuwa ya buɗe ƙofar bincike mai tsawo. Kanumfari ma ya shiga wannan fage, domin maganin sikila mai suna Niprisan, wanda Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta inganta, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, haɗi ne na abu huɗu: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace ɗan'uwan madobiya. Na ambaci wannan ne domin ɗalibanmu su ga cewa kayan da ke kan faifan uwarsu sun isa a yi digiri a kansu. Ban ambace shi domin wani ya koma gida ya jiƙa wa yaro mai sikila kanumfari ba, domin haɗin da aka auna a ɗakin bincike dabam yake da jiƙon kwano.

Haddinsa

Yanzu na iso inda zuciyata ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa mutum wajen biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Mu a nan ba mu buƙatar rahoto kafin mu gaskata, domin idonmu ya ga yadda abinci ya sauya: yaron da a da zai wuni a kan fura da ɗanwake da rake, yau yana karyawa da shayi mai sukari cokali huɗu, ya bi da alewa da lemun kwalba, ya kwanta bai yi aswaki ba. Likitocin haƙori kuwa 'yan kaɗan ne, mafi yawansu kuma a birane suke. Mutumin da ke wani ƙauye a kan iyakar Nijar, idan haƙori ya tashe shi da tsakar dare a cikin damina, ga shuka tana jiran noma, ga kuɗin mota zuwa Kazaure ko Kano, ga fargabar abin da za a caje shi, babu abin da ya fi kusa da hannunsa kamar ƙullin kanumfari. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ni ma abin da zan ɗauka ke nan.

Inda haɗarin yake shi ne, zafi ɗan aike ne, Allah ya sanya shi domin ya sanar da mutum cewa ɓarna tana aukuwa. Wanda ya rufe bakin ɗan aike kuwa ya huta da jin labari, amma ɓarnar tana ci gaba. Akwai ma wani yaudararren sauƙi wanda ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya koya wa mutane: idan ramin ya daɗe, jijiyar takan mutu, zafi ya ɗauke ɗif na kwanaki ko makonni, mai ciwo ya ce kanumfari ya warkar da shi, alhali ƙwayoyin cutar sun gama da ɓargo sun sauka ƙarƙashin saiwar haƙorin suna tara mugunya a cikin ƙashi. Na ga wannan da idona a kan wani saurayi ɗan'uwanmu, manomi mai ƙarfi, wanda ya shekara yana lallaɓa turminsa na ƙasa da kanumfari, duk sa'ad da ya motsa ya danna masa biyu ya tafi gona; ranar da aka kira ni na same shi haɓarsa ta kumbura har ta haɗe da wuya, bakinsa ba ya buɗuwa sai yatsa ɗaya, yana haɗiyar yawu da ƙyar. Mahaifiyarsa tana ta faɗin cewa ai ciwon ya lafa tun kaka. Muka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, aka kai shi asibiti, daga can aka tura shi gaba, aka tsaga aka fitar da mugunyar, Allah ya yi da sauran kwanansa. Irin wannan kumburi na ƙarƙashin harshe yana iya toshe numfashi cikin sa'o'i, kuma haƙorin da tun farko za a cire cikin rabin sa'a shi ya ci kuɗin buhunan gero.

Saboda haka alamomin da ke cewa lokacin kanumfari ya wuce sanannu ne: kumburin fuska ko haɓa, zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi, mugunya a dasashi, ko ciwon da ya wuce kwana biyu yana komowa. Mai ciwon sukari da mai juna biyu da ƙaramin yaro kuwa, bai kamata su jira ko da waɗannan alamomi ba.

Haɗari na biyu a cikin kwalba yake. Iyayenmu da busasshen fure suke aiki, ɗaya ko biyu, a jiƙa shi da yawu ya yi laushi a danna a gefen haƙorin, kuma wannan da wuya ya cutar da babba. Yau kuwa tsantsar man ta shigo kasuwa a 'yan kwalabe, a kantunan magungunan Musulunci da tebur ɗin 'yan talla, mafi yawansu babu bayanin awo a jikinsu, mutane kuma suna auna ta da ma'aunin fure, alhali ɗigo guda nata ya tara ƙarfin furanni da dama. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci ta Duniya ya ƙayyade cewa abin da mutum zai ci na yujinol kullum kada ya wuce miligiram 2.5 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa, watau miligiram 150 ga mai kilo 60, abin da bai wuce 'yan ɗigo na tsantsar man ba. Idan aka tsiyaya shi a dasashi yakan ƙona shi ya bar gyambo, irin wanda aka gani a gwajin Kuwait amma mafi muni. Idan aka sha shi da yawa kuwa hanta yake kamawa. A 1993 likitoci a Ingila suka buga labarin wani yaro ɗan shekara biyu da ya sha abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba, ya suma, ya yi ta jijjiga, hantarsa ta taɓu, jininsa ya ƙi daskarewa, da ƙyar aka ceto shi. Cokali ɗaya, ya ku iyayena! A gidajenmu kuwa kwalabe a kan taga ake ajiye su, inda hannun mai rarrafe yake kaiwa.

Wannan ya kawo ni ga jarirai masu fitar da haƙora. Al'adarmu ce mu jingina zawo da zazzaɓin yaro ga haƙori, mu nemi abin shafa masa a dasashi ko abin ɗura masa. Kuma ba mu manta da musibar 2008 ba, sa'ad da ruwan maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya halaka yara 84 a ƙasar nan, asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara lura da abin. Waccan guba dabam ce, ba ta da alaƙa da kanumfari, amma ƙofar da ta shigo ita ce dai a buɗe har yanzu, watau zaton cewa fitar haƙori cuta ce mai buƙatar magani. Man kanumfari bai halatta ga yaron da bai kai shekara biyu ba, ko shafawa ko sha. Haka nan mai shan maganin tsinka jini da wanda za a yi wa tiyata su nisanci man, domin yujinol yana rage daskarewar jini. Mata kuma da ake ruɗa a waya da cewa su jiƙa kanumfari su yi tsarki ko matsi da ruwansa, su sani fatar wannan wuri ta fi ta dasashi laushi, abin da ya ƙona wancan ba zai bar wannan ba.

Duk da abin da na faɗa, kada a fita daga nan a ce na hana kanumfari. Idan na tuna cewa akwai masu ɗiga ruwan batir da fetur a kogon haƙori, da masu danna ƙwayar asfirin har dasashi ya yi fari ya saɓule, sai in ga wanda ya ɗauki kanumfari shi ne ya yi hankali. Daidai shi ne a wanke baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a danna fure ɗaya ko biyu; in mai ne, a sa ɗigo ɗaya a ɗan auduga, gara ma a sirka shi da man zaitun ko na gyaɗa, a sa a cikin ramin kaɗai kada ya taɓa nama, a haɗa da farasitamol bisa awonsa, a kwana, gari ya waye a kama hanyar asibiti. Masu kiwon kifi ma, irin waɗanda ke kusa da madatsar ruwan Kazaure, suna iya amfana da shi, domin ɗan kaɗan a cikin ruwa yana kwantar da tarwaɗa har a auna ta ko a ɗauke ta ba tare da ta ji rauni ba, in aka mayar da ita ruwa mai tsabta ta farfaɗo. A can ma awo ne ke raba kwantarwa da kashewa.

Ina da roƙo ga ɓangare uku na wannan zama. Ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocinmu, idan tsohuwa ta ce muku ta sa kanumfari kada ku yi mata tsawa, domin in kun kunyata ta ba za ta komo ba. Ku ce mata ta yi daidai, sa'an nan ku nuna mata ramin a madubi, ku gaya mata ranar da za ta je a cire ko a cike. Malaman kimiyya na makarantar sakandaren nan ta Kanya Babba da na kwalejin fasaha ta Kazaure, tace man kanumfari da tururi aiki ne da ɗalibi zai iya yi da tukunyar gilashi da murhu. Ku sa su yi, su sayo daga kasuwannin Ɓaɓura da Roni da Gwiwa su auna yawan man da ke cikin kowanne, su kuma zaga gidaje su rubuta abin da mutane ke sa wa haƙori da tsawon kwanakin da suke jira kafin su je asibiti, domin da irin wannan ƙididdiga ce za mu tunkari hukuma mu nemi a riƙa turo mana likitan haƙori ko da sau ɗaya a wata. Limamai da masu unguwanni kuma, Allah ya ƙara muku girma, maganarku ta fi tamu shiga kunne: ku faɗa a masallaci da wurin suna cewa a ɗauke kwalbar man kanumfari daga inda yaro zai kai hannu, kuma duk wanda fuskarsa ta kumbura saboda haƙori a kai shi asibiti a ranar, kada a bari ya kwana.